Gajere na Rami, Dogo na Fili

A ƙarshen kaka, idan mai gonar kaji a arewacin Ingila ya kwashe kajinsa zai wanke ɗakuna kafin ya zuba sababbi, akwai wasu mutane da yake aika wa. Ba 'yan kamfanin feshi ba ne, ba kuma ma'aikatan hukuma ba. Da sanyin safiya za su iso cikin tsohuwar mota, bayanta cike da akwatuna masu ƙofar waya, kowane akwati da ɗan ƙaramin kare a ciki yana ɓarin jiki don ƙaguwa. Kayan aikin ba su da yawa: shebur biyu ko uku, da sandar ƙarfe ta zungurar ƙasa, da wani inji da aka ciro daga zarton yankan itace aka ɗaura masa tiyo a bakin salansa. Wannan injin ba abin da yake yi sai hayaƙi.

Ana sakin karnukan sai su bazu gindin bango, da ƙarƙashin tulin taki, da bakin magudanar ruwa, hanci a ƙasa. Can sai ɗaya ya ƙame a bakin wani rami, ya kafe shi da ido, wutsiya tana kaɗawa. Shi ke nan, ya yi shaida. Da wannan tsayuwar ake fara auna kare. Na kirki ba ya tsayawa a ramin da babu kowa, wanda kuwa ya saba ƙarya, yana sa mutane haƙan banza cikin sanyi, ba a daɗewa ake barinsa a gida. Sai a cusa tiyo a rami a murza inji. Hayaƙi na kaiwa ƙasa ɓeraye za su fara tsartuwa ta ko'ina, ƙosassu, wasu sun doshi rabin kilo. Kare zai cafki ɓera a gadon baya, ya girgiza kai sau ɗaya ko biyu, ya yar, ya juya kan na gaba. Ba ya wasa da shi irin na kyanwa, ba ya kuma ci. A bayan fage akwai wani kare daban, dogo siriri, tsaye shiru kamar ba da shi ake ba. Nasa rabon shi ne wanda ya kuɓuce wa gajerun ya miƙi fili.

Gajerun su ake kira teriya, sunan da ya samo asali daga kalmar Latin mai nufin ƙasa, don aikinsu na asali shi ne shiga rami. Dogayen kuma dangin karnukan da ke farauta da ido da ƙafa ne, ba da hanci ba: girehawun, wanda kan taɓa kilomita 70 a awa, da ƙaninsa wifet mai yin kamar 55, da saluki na ƙasashen Larabawa da Farisa. Amma karen da mai wannan sana'a ya fi riƙewa ba tsantsar ɗayansu ba ne. Ruwa-biyu ne, ɗan dogo da teriya, ko ɗan dogo da karen kiwon tumaki. Sunansa laca (ba ta malamin jami'a ba). Daga gefe ɗaya ya gaji ƙafa, daga ɗaya gefen ya gaji hanci da taurin rai da kaurin fata.

Talauci ne ya haifi laca. A ƙarshen ƙarni na 14, zamanin Sarki Richard na II, an yi dokar da ta hana duk wanda ƙasarsa ba ta ba shi sule 40 a shekara ajiye karen farauta ko ragar kama zomo, wanda ya saɓa kuma ɗaurin shekara guda. Nama na masu ƙasa ne. Dokoki irin wannan sun yi ta sauya kama har ƙarnoni, shi kuwa mai yunwa ya nemi kare mai buzu-buzun gashi wanda ba zai ja idon mai gadin daji ba, mai aiki da dare ba haushi, wanda zai kawo zomo har hannu. Har yau sunan laca bai gama wanke kansa daga warin satar farauta ba.

A garuruwan haƙar kwal na arewa, Lancashire da Yorkshire da Northumberland, wifet ne ɗan gata. Ana yi masa kirari da dokin sukuwar talaka. Ranar hutu sai a shata fili miƙaƙƙe na yadi 200, wani ya riƙe kare ta ƙeya da gindin wutsiya ya wurga shi gaba, mai shi kuma yana can ƙarshen fili yana kaɗa tsumma yana ihu. Da rana caca, da dare zomon miya. A Northumberland ɗin ne kuma garin Bedlington ya ba da sunansa ga wani teriya mai kama da ɗan rago, mai lanƙwasasshen baya. Haɗin Bedlington da wifet har gobe yana cikin abin da masu kama zomo ke yabo.

Su ma gajerun suna da tarihinsu. Wanda ya fi suna a duniya, Jak Rasel, sunan wani limamin coci ne na Devon, John Russell, wanda a 1819, yana ɗalibi a Oxford, ya sayi wata farar karya mai suna Trump daga hannun mai tallar madara, ya kuma shafe rayuwarsa yana kiwon zuriyar da za ta koro yanyawa daga rami. A Landan kuwa kashe ɓera ya taɓa zama abin kallo na biya. A 1823 wani kare mai suna Billy ya kashe ɓera 100 cikin minti biyar da rabi a wani dandalin caca na Westminster. Marubuci Henry Mayhew, da ya bi talakawan birnin yana rubuta sana'o'insu a tsakiyar ƙarnin, ya zauna da Jack Black, mai kiran kansa makamin ɓerayen Sarauniya Victoria, mutumin da cizo ya cika wa jiki da tabo.

Abin tambaya shi ne me ya sa sana'ar ba ta mutu ba bayan zuwan guba. Guba ce da kanta ta raya ta. Maganin ɓera mai hana jini daskarewa, wafarin, ya shigo da ƙarfinsa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, amma tun 1958 aka samu ɓerayen da ba ya kashewa a wata gona a Sikotilan. Aka ƙirƙiro masu ƙarfi, wasu ɓerayen kudancin Ingila suka sake gagara. Ga kuma ɓarnar gefe: mujiyar da ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma ta ci, kuma binciken gawarwakin mujiyoyi a Birtaniya ya sha nuna ɓurɓushin gubar a hantar mafi yawansu. Kare ba ya barin ɓurɓushi, ɓera kuma bai taɓa sabawa da haƙori ba. Da yawa daga masu teriya ba sa karɓar ko sisi, izinin shiga gonar shi ne ladansu. Masu kama zomo ne suka fi cin abinci da abin, ana biyansu su share gona ko gandun itatuwa, su kuma sayar da naman.

Nan sai mai karatu ya yi hattara da kalmar zomo, don Turawa dabbobi biyu suke nufi. Akwai zomon rami, mai haƙa gidaje a ƙarƙashin ƙasa yana zama jama'a-jama'a, akwai kuma zomon fili mai dogon kunne, irin namu na daji, wanda ba shi da mafaka sai ƙafarsa. Dokar farauta ta 2004, da ta fara aiki a Ingila da Wales a Fabrairun 2005, ta hana sakar wa na filin kare. Da ita aka binne gasar Kofin Waterloo da ake yi a Altcar tun 1836. Ɓera da zomon rami ne aka bari, muddin mai ƙasa ya yarda. Sikotilan ta ƙara matsewa a 2023, ta shigar da zomon rami ma cikin tata dokar. Saboda haka mai sana'ar gaskiya yana yawo da takardar izini a aljihu, don akwai ɓata-gari da ke shiga gonakin Lincolnshire da mota suna tseren zomon fili na caca, kuma daga nesa ɗan sanda ba ya bambance dogon kare da dogon kare.

Aikin zomon rami na hunturu ne. Ana shimfiɗa 'yar raga a bakin kowane rami, a zura wata dabba mai kama da tunku, feret, wadda aka ɗaura wa na'ura a wuya don a san inda take a ƙarƙashin ƙasa. Zomo ya fito a guje ya faɗa raga, wanda ya sami ramin da aka manta kuma laca na jiransa. Da dare kuwa tocila ce mai ƙarfi da kare guda. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, sai dai a nan karen ne ke biyan kuɗin gudun da jikinsa, kuma daga nan ne ainihin ilmin sana'ar ya fara. Sakin kare kowa ma ya iya. Gwani shi ne wanda ya san jikin karensa kamar yadda makaɗi ya san fatar gangarsa. Idan ka ga masu laca sun yi da'ira a bikin nunin kayan gona, hirar ciwo suke yi fiye da hirar kamu.

Duk abin da ya ba dogon kare gudu, shi ne kuma ƙofar ciwonsa. Ba shi da kitse, fatarsa kamar takarda. Wayar ƙaya da teriya zai ratsa ya fita da 'yar ƙarzuwa, wifet zai fito da fata a yage tana reto, sai ɗinki. Yana gudu duk ƙafafunsa huɗu suna barin ƙasa sau biyu a kowane tsalle, don haka dutse guda ko daskararriyar ƙasa sun isa su karya masa yatsa ko su goce masa gaɓa. Tsofaffin hannu ba sa sakin kare a daren da ƙanƙara ta daskarar da gona, komai yawan zomon da tocila ta hasko. Ƙirjinsa mai zurfi ne don ya ɗauki babbar zuciya da huhu, amma karnuka masu irin wannan ƙirar su ne tumbi ya fi kumbure wa ya murɗe, abin da ke kisa cikin sa'o'i in ba a yi tiyata ba. Shi ya sa ba a ciyar da kare dab da fita aiki, ba kuma a cika masa kwano yana haki.

Akwai wani ciwo ƙarami da ya daɗe yana wahalar da masu karnukan nan, wata kanta ce mai tauri da ke fitowa a tafin dagi, kusan a dangin dogayen kaɗai ake ganinta. Kare zai yi ta ɗingishi, a ɗauki hoton ƙashi, a duba kafaɗa, a duba gwiwa, ba a ga komai ba. Alamar da masu kare suka riƙe suna gaya wa juna ita ce: a kan kwalta yana ɗingishi, a kan ciyawa yana tafiya garau. Ana ƙwaƙule ta ta dawo. Daga baya likitoci suka koma yanke wata 'yar jijiya a yatsan don a rage nauyin da ke sauka a wurin.

Wanda ya fi tayar da hankali shi ne allurar barci. Tsohon maganin da ake kira tayofental yana barin jini ya shige kitse, da haka dabba ke farfaɗowa. Girehawun ba shi da kitsen, hantarsa kuma tana jan ƙafa wajen narkar da wasu magunguna, sai ya yi ta kwanciya sa'o'i bayan kowane kare ya tashi. An samu magunguna mafi dacewa yanzu, amma tsoron ya zauna, har ya zama mai dogon kare ba ya miƙa shi ga likitan da bai sani ba sai ya tambaye shi ko ya saba da irinsu. Tambayar ba ta rainin wayo ba ce. Jinin girehawun ya fi na sauran karnuka kauri, jajayen ƙwayoyinsa kan kai kashi 60 cikin 100, adadin da a wani karen za a ce ciwo ne. Wannan, tare da sanyin halinsa, ya sa ake yawan ɗibar jininsa a ƙara wa wasu. Sannan wani bincike a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka ya gano kusan ɗaya cikin huɗu na girehawun ɗin da aka yi wa fiɗiya suna fara zubar jini a ƙarƙashin fata kwana ɗaya da rabi zuwa biyu bayan aikin, lokacin da kowa ya saki jiki. Yanzu likitan da ya sani yakan ba da maganin riƙe gudan jini tun kafin ya taɓa wuƙa.

Mutumin Tawa ko Abalak ba zai ji siffar dogon kare baƙuwa ba. Karen Azawag, wanda Buzaye ke kira oska, daga kwarin da ya ratsa Nijar da Mali, ɗan wannan dangin ne: doguwar ƙafa, ƙashin ƙugu a waje, gashi kamar an aske. Ya isa Turai a farkon shekarun 1970, ƙungiyar masu karnuka ta Amurka kuma ta ba shi cikakkiyar rajista a 2019. Karen da ke bin barewa cikin zafin Sahel, can sai an sa masa riga yake fita da hunturu.

Matsalar gajerun daban ce. Teriya ba ya nuna ciwo. Ɓera zai tsaga masa leɓe ya ci gaba da aiki jini na ɗiga, don haka mai shi ne zai bi shi da ido. Cizon ma ba shi ne babban abin tsoro ba, fitsarin ɓera ne, wanda ke ɗauke da ƙwayar cutar da ke lalata ƙoda da hanta, ta kama kare ta kama mutum. Rigakafin shekara-shekara wajibi ne, wanke hannu kafin cin abinci ma haka. Kafin a buɗe akwati kuma sai an tambayi mai gona ko ya zuba guba kwanan nan. Karen da ya ci ba ya nuna komai sai bayan kwana uku zuwa biyar, dasashi ya yi fari, numfashi ya yi nauyi, jini na tsiyaya a ciki. Maganinsa bitamin K1 ne na makonni, in an kai shi da wuri.

Wajen zaɓen teriya akwai awon da ba ya bukatar ma'auni. Za ka kama shi ta bayan kafaɗa da hannu biyu, manyan yatsunka su haɗu a gadon baya, sauran su haɗu a ƙarƙashin ƙirji. In ba su haɗu ba, ƙirjin ya yi wa rami faɗi, wata rana zai maƙale. Amma akwai abin da hannu ba ya ji, wato ciwon gado. A Jak Rasel da danginsa, zaren da ke riƙe madubin cikin ido kan tsinke tsakanin shekara uku zuwa takwas, madubin ya zame, hawan jinin ido ya biyo baya, kare ya makance cikin kwanaki, ɗaya idon kuma yana kan hanya. Tun wajen 2010 akwai gwajin da ake yi da 'yar audugar da aka goga a kumatu. Bedlington kuwa hantarsa ce ke tara sinadarin jan ƙarfe har ta lalace, kare ya rame, shawara ta fito masa a ido. A 2002 masu bincike a Utrecht ta Holan suka gano ƙwayar gadon da ta ɓaci. Sai kwikwiyo ya gaje ta daga uwa da uba duka ciwon ke kama shi, don haka gwada iyaye kafin barbara ya rage abin ƙwarai, ko da yake an ci gaba da samun 'yan kaɗan masu ciwon da gwajin bai nuna ba.

Labarin da na fi so shi ne na teriyan kan iyakar Ingila da Sikotilan, Boda, ɗan kilo 6 zuwa 7. Masu shi sun daɗe suna ba juna labarin wani abu mai kama da farfaɗiya: kare ya sandare, jiki na rawa, ciki na ƙugi, amma idonsa biyu, yana jin kira, bayan 'yan mintoci ya miƙe kamar ba a yi ba. Kafin a isa asibiti ya wuce, likita ba ya ganin komai. Har suna suka sa masa, ciwon Spike, sunan wani karen da ya yi fama da shi. Wasu suka lura da sun daina ba da abinci mai alkama abin ya lafa. A 2015 wani ƙaramin bincike a Birtaniya, da karnuka 6 kacal, ya nuna akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Masu kare ne suka riga gani, likita ya zo ya tabbatar.

Ba duk abin da ake faɗa a da'irar masu karnukan ne gaskiya ba. Akwai masu rantsuwa cewa ruwa-biyu ba ya gadon ciwo, alhali in uwa da uba suna ɗauke da ɓatacciyar ƙwaya iri ɗaya, ba ruwan ciwo da sunan jinsi. Akwai masu ɗinke kare da kansu a gareji, wasu don rowa, wasu kuwa don raunin da ke haɓar karen zai tona cewa sun saka shi ramin wata dabba dangin dage da doka ta kare. Gidajen karɓar yasassun karnuka kuma ba sa rabuwa da laca, wanda ya karye ko ya tsufa aka sauke shi a bakin hanya. Masu sana'ar kirki sun fi kowa jin haushin waɗannan, don da sunansu ake zagi.

Da yamma, bayan an ƙirga ɓeraye a gaban mai gona an zuba su a buhu, aiki na biyu ke farawa a gida. Kare ɗaya-ɗaya za a ɗora a kan benci ƙarƙashin fitila. A buɗe baki a duba leɓe da dasashi, a wanke cizo da ruwan gishiri mai ɗumi, a leƙa ido ko ƙasa ta shiga. Dogon kuma sai an bi yatsunsa ɗaya bayan ɗaya ana lanƙwasawa, a shafa cinya da gadon baya ana neman inda ya yi zafi ko inda zai noƙe, a goge shi da tawul har ya bushe, don shi sanyi ba ya yi masa da sauƙi. Sai numfashi ya daidaita ake zuba abinci. Gajerun su koma ɗakinsu na katako a bayan gida cikin tattaka, laca kuwa ya lallaɓa ya naɗe a gaban murhu, mai gidan ko takalmin robarsa bai cire ba.